Taƙyimul aƙran: me ake nufi da tsaranka ya duba maka rubutu ba suna?

Wani ƙanenmu da ya iso Madina bana ya tare ni bayan Isha'i, waya a hannu, wai malaminsu na ta'abir, darasin koyon bayani da rubutu da Larabci, ya ce sati mai zuwa akwai "taƙyimul aƙran", shi dai ya gane taƙyim amma aƙran ɗin nan fa, ko wata jarabawa ce aka ƙaro? Na ce kwantar da hankalinka, ba jarabawa ba ce, ko da yake wani lokacin ta fi jarabawa zafi.

Aƙran dai tsararraki ne, sa'o'inka, waɗanda kuke aji ɗaya. Taƙyim kuwa auna darajar abu, kalmar ƙima da muke faɗa a Hausa ma daga gidan nan ta fito. Toh in ka haɗa sai ya zama tsaranka ne zai duba aikinka kafin malam ya sa maki. Kowa ya rubuta insha'insa, malam ya karɓa ya cire sunaye ya sa lamba, ya cakuɗa ya raba, kai ka samu na mutum biyu ko uku ba ka san su waye ba, naka shi ma yana hannun wasu da ba su san naka ba ne. Kowa ya rubuta abun da ya gani, a dawo maka da takardarka, ka zauna ka sake rubutawa. Bayanan da ake rubuto maka ɗin su Larabawa ke kira taghziya raji'a. A jami'o'in nan Saudiyya da yawa ta shafin karatu na intanet mai suna Blackboard ake yi, shi ke rabawa da kansa ya ɓoye sunan, a wasu wuraren kuma Moodle, wani malamin kuwa takarda da jan biro kawai, shikenan.

Ni abun da ya ba ni dariya ranar da na fara jin kalmar, mun riga mun san aƙran a darasin hadisi, kuma can ba a yabe su ba. Malaman jarhu da ta'adili, masu tantance maruwaitan hadisi, suna da ƙa'ida, Imam Zahabi da ya rasu 748 bayan hijira ya sha nanata ta, cewa maganar tsara a kan tsaransa a naɗe ta a ajiye kar a ruwaito, musamman in an ga alamar hassada ko gaba ko saɓanin mazhaba. Sai ga shi yau an ce tsaranka ne zai yi maka gyara! Ai kuwa ɓoye sunan maganin wannan ciwon ne, wanda ba ka san shi ba ina za ka yi masa hassada.

Amma mu Hausawa wallahi ba hassada ce ta fi damunmu a nan ba, kara ce. Ka ba ni takardar wanda muke ɗaki ɗaya, muna cin kabsa a faranti ɗaya, jiya ma ya ranta min riyal 50, ka ce in gaya masa rabin abun da ya rubuta surutu ne? Ba zan iya ba. "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" zan rubuta in miƙa. Balle ace ya girme ni, ko mahaddaci ne da muke ce wa Alaramma, ai ko ɗigo ba zan taɓa ba. Da an cire suna sai ya zama takarda ce kawai a gabanka mai lamba 14, ba yayan kowa ba.

Nawa na farko ban manta ba. A kan tafiyata ta farko Makka a jirgin ƙasan Haramain na rubuta, ina ji da shi sosai. Mutum ɗaya ya rubuto "mumtaz", wato ya yi kyau ƙwarai, ya wuce abinsa, na ji daɗi na minti biyu amma ban ƙaru da komai ba. Ɗayan kuwa cewa ya yi na kwashe shafi guda ina tasha, tikiti, jaka, sanyin na'ura, amma da na iso gaban Ka'aba layi biyu na ba ta, wai shi yana so ya ji me na ji a lokacin. Sannan ya ja layi ƙarƙashin "bab" wuri uku don na mayar da ita mace. Mu a wurinmu ƙofa mace ce, su a wurinsu namiji, kamar yanda hannu namu namiji ne nasu "yad" mace. Daren nan ban yi barci da wuri ba don haushi, na ce wannan ko waye bai da ladabi. Da safe na sake karantawa na ga gaskiyarsa, na datse tashar ta koma layi huɗu.

Kuma wani abun mamaki, sati na gaba da nake duba takardar wani na ga shi ma gabatarwa ta cinye masa rabin aiki, ina rubuta masa gyara ina jin kamar da kaina nake. Laifi tudu ne dama, na wani ya fi saurin ganuwa, toh dabarar malaman kenan, ka koyi hango shi a takardar wani har idonka ya saba ka fara gani a taka.

Sai dai sunan ba kullum yake ɓoyuwa ba fa. Wanda ya taso a makarantar allo hannunsa na tona shi, fa'un ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama irin na rubutun Warshu, kowa a aji ya san ɗan Afirka ta Yamma ne, in ku biyu ne kacal kuwa an gama. Shi ya sa malamai suka fi son a buga a kwamfuta. Nan ɗin ma Word na ajiye sunan mai fayil a cikin bayanansa, in ba a goge ba mai gyara na iya leƙawa ya gani. Akwai kuma wanda da ya ji ba a san shi ba sai bakinsa ya buɗe ya koma cin mutunci, don haka yawanci malam shi yana ganin wa ya rubuta me, ɗalibai ne kawai ba sa ganin juna. Ni a ra'ayina ma kar a bar ɗalibai su ba juna maki, su tsaya a bayani, da maki ya shigo kowa lissafin nasa zai koma yi.

Malaman jami'a su ma haka ake musu in sun aika bincike mujalla, tahkim suke ce masa, a cire suna a tura wa masana biyu ko uku.

Ƙanen nawa ya ce toh in an dawo masa da gyaran dole ne ya bi duka? Na ce a'a, wani gyaran ma kuskure ne, mai gyaran ai ɗalibi ne irinka, in kana shakka ka kai wa malam. Abun da ba a yafewa shi ne ka mayar da takardar yanda take. Ta farkon musawwada sunanta, daga kalmar baƙi, wato mai kace-kace da goge-goge, ta biyun ita ce ake yi wa tabyili, a faranta ta a miƙa. Ya ce shi tasa tun farko fes take fita. Na ce ya turo min ita bayan Asuba, amma ya cire sunansa tukuna.