Masu karɓo wa asibitocin Amurka kuɗin inshora: nawa suke samu, kuma aikin zai ɗore?

Wane irin aiki ne wannan?

A Amurka, yawancin kuɗin magani ba daga aljihun mara lafiya yake fitowa kai tsaye ba. Kamfanin inshora ne ke biya, ko gwamnati ta shirin Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda aka kafa a 1965. Amma ba wanda zai saki ko sisi sai an kawo masa takardar neman biya yadda yake so. Nan ma'aikacin ke shigowa. Yana karanta abin da likita ya rubuta, ya mayar da cutar lamba bisa tsarin ICD-10, ya mayar da aikin da aka yi lamba bisa tsarin CPT, ya aika. In an ƙi biya, shi ne zai bi sawu har kuɗin ya fito. Ba ya taɓa mara lafiya, amma in ya yi sakaci, albashin nas da likita ne zai makara.

Nawa ne albashin?

Hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka tana lissafa masu mayar da cuta da aikin likita lamba cikin ma'aikatan bayanan asibiti. Albashin tsakiya a wannan rukuni ya kai dala 48,780 a shekara a watan Mayun 2023, ya tashi zuwa dala 50,250 a Mayun 2024. Wato rabi na samun fiye da haka, rabi ƙasa da haka. Wanda ya canza kuɗin zuwa naira zai ga tsabar dukiya, amma a can daidai yake da abin da ma'aikaci na tsaka-tsaki ke samu, kuma haraji da kuɗin haya na jiransa. Abin da ya ba aikin daraja shi ne ana shigarsa ba tare da digiri na shekara huɗu ba.

Me ke bambanta mai samu da yawa da mai samu kaɗan?

Takardar shaida da kuma irin wahalar aikin. Ƙungiyoyin masu wannan sana'a ne ke ba da shaidar: AAPC na ba da CPC, AHIMA kuma na ba da CCS, kuma asibitoci da yawa ba sa duba takardar mai neman aiki in babu ɗaya daga cikinsu. Bayan haka sai wurin aiki. Mai aiki a ƙaramin asibitin shan magani, yana maimaita lambobi kaɗan kullum, ba zai kamo wanda ke kan fayil ɗin marasa lafiyar da aka kwantar a babban asibiti ba. Tun 1983 Medicare ke biyan asibiti dunƙulallen kuɗi gwargwadon rukunin cutar, don haka mance lamba ɗaya tak na iya janyo asarar dubban daloli. A ganina, mafi tsada a cikinsu shi ne wanda ya iya ɗaukaka ƙara idan inshora ta ƙi biya, domin shi kowa na ganin kuɗin da ya dawo da su.

Ana ƙara neman su?

Ana nema. Hukumar ta yi hasashen guraben za su ƙaru da kashi 7 cikin ɗari daga 2024 zuwa 2034, fiye da ninkin abin da ake sa rai ga sauran ayyuka gaba ɗaya. Dalilin a fili yake: jama'ar ƙasar na tsufa, tsoho kuma ba ya rabuwa da asibiti. Ga kuma ruɗanin dokoki. Da aka koma ICD-10 a Oktoban 2015, lambobin cututtuka sun tashi daga kusan 14,000 zuwa kusan 70,000.

To, kwamfuta ba za ta ƙwace aikin ba?

Ta riga ta fara cin sassan da ke da sauƙi. Manhajoji na karanta rubutun likita su kawo lambar da kansu, wasu kamfanoni kuma sun kai aikin Indiya da Filifin saboda arha. Wanda iyakarsa shigar da lamba, lallai ya damu. Amma har yanzu mutum ake buƙata ya duba kuskuren manhajar, ya koma wa likita da tambaya idan rubutunsa bai fito ba, ya yi jayayya da kamfanin inshora. Matashin da zai shiga yanzu, nan ya kamata ya dosa tun farko.

Mutum zai iya yi daga Kano ko Kaduna ta intanet?

A yi hattara da tallan da ke cewa wata uku ka fara cin dala. Dokar HIPAA ta 1996 ta tsananta kan sirrin marasa lafiya, kuma ma'aikatu da yawa ba sa yarda bayanan su fita ƙasar, balle su miƙa wa sabon shiga. Ƙofar da ta fi kusa tana gida. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, jihohi irin su Kano kuma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Asibitocin da ke hulɗa da su na buƙatar wanda ya iya shirya takardar neman biya, ya kuma bi ta har a biya.