Yadda Gari Ke Cin Bashi Ya Gina Sakandare a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar zaɓe a Amurka hankalin duniya yana kan manyan kujeru. Amma a can ƙasan takardar ƙuri'a, a garuruwa da yawa, akwai wata tambaya da ta fi taɓa aljihun mai gida: shin kun yarda gundumar makarantunku ta ci bashin dala miliyan kaza domin gina sabuwar sakandare?

Me ya kawo tambayar mutanen gari? Gina makaranta ba aikin gwamnati ba ne?

Aikin gwamnati ne, sai dai ba gwamnatin tarayya da ke birnin Washinton ba. Makarantun gwamnati a Amurka suna hannun gundumomin makarantu sama da dubu goma sha uku, kuma akasarinsu mutanen yankin ne ke zaɓen hukumar da ke tafiyar da su. Abin da gwamnatin tarayya ke sakawa a ilimin firamare da sakandare bai cika wuce kashi goma cikin ɗari ba. Sauran daga jiha ne da harajin gidaje da filaye na yankin. Kuɗin da ke shigowa kowace shekara albashi da littattafai da motocin ɗaukar ɗalibai ne ke cinye shi, babu rarar da za ta tayar da ginin da zai ɗauki yara dubu biyu. Dole sai bashi. Tun da kuwa harajin mutanen gari ne zai biya, dokar yawancin jihohi ta ce a nemi yardarsu tukuna.

Wa ke ba da bashin, banki?

Ba banki ɗaya ba. Gunduma takan fitar da takardun lamuni ta sayar a kasuwar kuɗi. Mai saye ya ba da kuɗinsa yau, gunduma ta riƙa ba shi kuɗin ruwa, galibi sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta mayar masa da uwar kuɗi. Wa'adin kan kai shekara 20 zuwa 30. Masu saye sun haɗa da kamfanonin inshora, asusun zuba jari, da ɗaiɗaikun masu hali. Abin da ke jan su shi ne gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan ribar irin waɗannan takardu, don haka sukan yarda da ruwan da bai kai na kamfanoni ba.

Kafin a sayar, kamfanoni irin su Moody's da S&P da Fitch sukan auna ƙarfin gundumar su ba ta maki. Maki mai kyau, ruwa mai sauƙi. A Teksas akwai wani tsohon asusun ilimi na jiha da ke tsaya wa gundumomi, shi ya sa ƙaramar gunduma ma takan ci bashi da maki mafi girma.

To nawa zai hau kan mai gida?

Ya danganta da ƙimar da hukuma ta yi wa gidansa. A Kalifoniya, alal misali, gundumar da ta haɗa firamare da sakandare, in ta nemi yardar masu zaɓe ta hanyar da aka sauƙaƙa a shekarar 2000, ba za ta tsara bashin da zai wuce dala 60 a shekara a kan kowace dala 100,000 ta ƙimar gida ba. Mai gidan dala 400,000 ke nan zai iya biyan har dala 240 a shekara. Kamar ba yawa. Amma wannan na bashi ɗaya ne, kuma gunduma na iya ɗauke da uku ko huɗu da aka amince da su a shekaru daban-daban. Ɗan haya ma bai tsira ba, mai gida zai shigar da harajin cikin kuɗin haya. Haka kantuna da masana'antu, su ma suna biya.

Ƙuri'a nawa ake buƙata?

Kowace jiha da nata. A Teksas rinjaye kawai. A jihohin Washinton da Iowa da Oklahoma sai kashi 60 cikin ɗari. A Idaho sai kashi biyu bisa uku, wato mutum 66 cikin ɗari za su iya cewa "mun yarda" a tashi ba a samu ba.

Kalifoniya ta ɗanɗana duka. A 1978 masu zaɓe suka amince da dokar nan mai lamba 13 da ta taƙaita harajin gidaje zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimar gida, abin da ya toshe wa gundumomi wannan hanya ta cin bashi. A 1986 aka sake buɗe ta da sharaɗin kashi biyu bisa uku. A 2000 aka sauko da shi zuwa kashi 55, amma sai gunduma ta lissafa ayyukan da za ta yi, ta kafa kwamitin sa ido na mutanen gari, a kuma riƙa binciken kuɗin kowace shekara. Tun daga nan yawancin irin waɗannan buƙatu suke wucewa. A Nuwamban 2024 gundumar Los Anjelas ta samu amincewar cin bashin dala biliyan 9.

Za a iya ɗibar kuɗin a ƙara wa malamai albashi?

A'a. Na gini ne, da sayen fili, da gyara, da kayan aiki masu daɗewa. Wannan ya sa gari kan kammala sabuwar makaranta sannan ya koma yana lissafin inda zai samo albashin malaman da za su shiga cikinta.

Gaskiya ne wasu filin wasa suke ginawa da kuɗin?

Gaskiya ne, kuma da yardar masu zaɓe. Garin Allen da ke arewacin Dallas a jihar Teksas ya amince da bashin dala miliyan 119 a 2009. Daga ciki aka kashe kusan miliyan 60 a filin ƙwallon Amurka na sakandaren garin, mai ɗaukar mutum 18,000. An buɗe shi a 2012, a 2014 aka rufe saboda siminti ya tsattsage, sai a 2015 aka sake buɗewa. Wanda bai san yadda mutanen Teksas suka ɗauki wasan ƙwallon sakandare na daren Juma'a ba zai ce almubazzaranci ne tsantsa, ni ma ban ce ba shi da hujja ba. Abin da ya fi damun masu suka shi ne a dunƙule filin wasa da azuzuwa cikin tambaya ɗaya, mai son aji ya zama dole ya haɗiye fili. A 2019 majalisar jihar ta raba su: babban filin wasa sai an tambaye shi daban. Ta kuma ce a rubuta ɓaro-ɓaro a takardar ƙuri'a cewa wannan ƙarin harajin gidaje ne.

Idan hukuma ta ce "ba za mu ƙara muku ko sisi ba", a yarda?

Nan ne ya kamata mai zaɓe ya gyara zama. Wani lokaci maganar gaskiya ce: tsohon bashi ya kusa ƙarewa, sabon zai maye gurbinsa, ko kuwa gari yana bunƙasa, masu biya sun ƙaru. Ko a haka ma akwai abin da ba a faɗa ba, domin da ba a ci sabon bashin ba, harajin sauka zai yi.

Wani lokaci kuma alƙawarin shi ne tarkon. Gundumar Poway da ke yankin San Diyego a Kalifoniya ta samu amincewar masu zaɓe a 2008 bisa alƙawarin ba za a ɗaga haraji ba. Sai tattalin arziki ya karye, darajar gidaje ta daina hawa kamar yadda aka yi hasashe. Ga gine-gine ana so a ƙarasa, ga alƙawari. A 2011 hukumar ta ci bashin dala miliyan 105 ta wata irin takarda da ba a biyan komai a kanta sai bayan kimanin shekara 20, ruwa yana ta hawa kan ruwa. Kafin a gama biya a 2051, abin da zai fita daga aljihun mutanen yankin ya kusa dala biliyan ɗaya, kusan ninki goma. Ba a kuma bar ƙofar biya da wuri ba. Alƙawari dai an cika shi, harajin waɗanda suka jefa ƙuri'a bai motsa ba. Yaran da ke ajin farko na firamare a lokacin, da baƙin da ba su ma san garin ba, su za su ɗauki kayan a lokacin da gine-ginen suka fara neman gyara. Da labarin ya fasu, majalisar Kalifoniya ta yi doka a 2013: jimillar abin da za a biya kan irin wannan bashi kada ta wuce ninki huɗu, wa'adi kuma kada ya wuce shekara 25.

Don haka tambayar da ta fi "nawa za a ci?" amfani ita ce: nawa za a biya gaba ɗaya, daga yaushe, zuwa yaushe?

Garin talakawa fa, yaya yake yi?

Yana shan wuya. Yanki mai manyan gidaje da kamfanoni zai ɗora haraji kaɗan ya tara kuɗi mai yawa. Yanki mai ƙananan gidaje zai ɗora mai nauyi ya tara kaɗan, sannan makinsa a kasuwa ya yi ƙasa, ruwan bashinsa ya hau. An kai ƙara kan irin wannan bambanci har Kotun Ƙolin Amurka daga San Antoniyo, a 1973 kotun ta ce tsarin mulkin tarayya bai hana wannan bambanci ba. Daga nan yaƙin ya koma kotunan jihohi. Wasu jihohin sukan ƙara wa gunduma kuɗin gini, amma sau da yawa sai ta fara kawo nata kason, wanda shi ne matsalar tun farko.

In masu zaɓe suka ƙi?

Sai a haƙura da ɗakunan wucin gadi a harabar makaranta, a rage buƙata, a dawo bayan shekara ɗaya ko biyu. Ƙin kuma ba kullum yake nufin ba a son makaranta ba. A Nuwamban 2024 mutanen Houston suka yi watsi da buƙatar dala biliyan 4.4, alhali kowa ya san gine-ginen sun tsufa. Jihar Teksas ce ta karɓe gundumar a 2023 ta naɗa mata shugabanni, iyaye da yawa kuma suka ce ba za su danƙa irin wannan kuɗi a hannun waɗanda ba su suka zaɓa ba.

Akwai hanyar yin wannan ba tare da kuɗin ruwa ba?

Akwai, an ma gwada a Najeriya. A 2013 jihar Osun, lokacin Gwamna Rauf Aregbesola, ta fitar da sukuk, wato takardun lamuni na Musulunci, na naira biliyan 11.4 domin gina makarantu, bisa tsarin haya: masu zuba kuɗi suka riƙa karɓar kuɗin hayar gine-ginen maimakon ruwa. Sai dai can gwamnatin jiha ce ta yanke shawara kuma daga kuɗin shigarta aka biya, ba a kai maganar gaban masu zaɓe ba.