Yadda kamun ƙafar kamfanoni ya tsawaita haƙƙin mallaka a Amurka

Dokar haƙƙin mallaka ta farko a Amurka, wadda aka kafa a 1790, shekara 14 ta ba marubuci. Idan wa'adin ya cika yana raye, sai ya nemi ƙarin wasu 14. Daga nan littafi ya zama na kowa: mai son bugawa ya buga, mai son fassarawa ya fassara. A 1909 wa'adin ya kai shekara 56 gaba ɗaya.

Sai ga ɓeran Disney, Mickey Mouse, wanda ya fito a fim ɗin zane na Steamboat Willie a 1928. Bisa dokar 1909, a 1984 ya kamata ya fita daga hannun kamfanin. Dokar 1976 ta mayar da wa'adi tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 50, tsofaffin ayyuka irin wannan kuma shekara 75, sai ɓeran ya samu jinkiri zuwa ƙarshen 2003.

Da wannan ranar ta fara ƙaratowa, aka shiga kamun ƙafa a majalisar dokoki. Disney da ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Hollywood, da magadan wasu mawaƙa, suka yi ta zirga-zirga a Washington, kamfanin kuma ya ba da gudunmawar kamfe ga da yawa daga cikin 'yan majalisar da suka ɗauki nauyin ƙudurin. Hujjarsu ita ce Tarayyar Turai ta riga ta mayar da nata wa'adin shekara 70 bayan mutuwa tun 1993, don haka kada a bar Amurka a baya. A Oktoban 1998 majalisa ta amince ta hanyar ƙuri'ar murya, ba a ma rubuta sunan wanda ya ce e ko a'a ba, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. An sa wa dokar sunan Sonny Bono, mawaƙin da ya zama ɗan majalisa ya kuma rasu a farkon shekarar. Ta ƙara shekara 20: marubuci 70 bayan mutuwa, aikin kamfani 95 daga ranar fitowarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarin ya haɗa har da ayyukan da aka gama tuntuni. An ce haƙƙin mallaka don ƙarfafa gwiwar mai ƙirƙira ne, to wace gwiwa za a ƙarfafa wa Walt Disney da ya rasu tun 1966?

Wani tsohon ma'aikacin kwamfuta, Eric Eldred, da ke ɗora tsofaffin littattafai kyauta a intanet, yana jiran na 1923 su zama na kowa sai ƙofa ta rufe. Ya kai ƙara, farfesan shari'a Lawrence Lessig ya tsaya masa a matsayin lauya, masana tattalin arziki 17 har da Milton Friedman suka mara masa baya. A 2003 Kotun Ƙoli ta ba gwamnati gaskiya, alƙalai bakwai ga biyu. Mai shari'a Stephen Breyer, ɗaya daga cikin biyun, ya nuna cewa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na ayyukan da suka kai shekara 55 zuwa 75 ke kawo wa masu su kuɗi. Sauran littattafai ne da aka daina bugawa, da faifan fim da ke ruɓewa a gwangwani, ba a san mai su ba, kuma kowa na tsoron taɓawa.

Dokar ta kuma tsallake iyaka ta hanyar yarjejeniyoyin ciniki: Ostireliya ta koma shekara 70 bayan yarjejeniyar 2004, Kanada a ƙarshen 2022.

Shekara 20 babu aikin da aka wallafa da wa'adinsa ya ƙare a Amurka, sai 1 ga Janairun 2019 da na 1923 suka zama na kowa. Majalisa ba ta sake ƙari ba, kuma Mickey na 1928 ya zama na kowa ranar 1 ga Janairun 2024.