Ma'anar "faɗaɗa allo" idan an jona monita da laftof

Wanda ya je kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas sayen monita, wato allon kwamfuta, ta tokunbo (ta hannu) zai ga mai shago ya jona ta da laftof don gwaji, hoto ya fito, kowa ya gamsu, a biya kuɗi. Sai an isa gida a Agege ko Idi-Araba mai saye zai lura cewa abin da ke kan ƙaramin allon shi ne kuma a kan babban, ya fara tunanin ko kuɗinsa bai sayo masa komai ba illa girman rubutu. Abin da bai sani ba shi ne akwai wani saiti da kwamfuta ke rubutawa da Turanci Extend, wanda za mu kira faɗaɗa allo, kuma domin shi ne yawancin mutane ke sayen monita ta biyu.

Monita ba kwamfuta ba ce. Ba ta ajiye komai, ba ta ƙara wa laftof gudu, abin da aka aiko mata ta cikin kebul shi kaɗai take nunawa. Idan an zaɓi faɗaɗawa, laftof takan ɗauki allon wajen tamkar ci gaban nata, kamar yadda mai tireda ke jingina wani tebur da nasa don ya samu wurin baza kaya, ta yadda kibiyar linzamin kwamfuta, wato mouse, za ta fice ta gefen allo ɗaya ta bayyana a ɗayan, kuma a iya jan shafi daga nan a ajiye shi can. Dillalin albasa a Mile 12, alal misali, yana iya buɗe lissafin buhunansa na Excel a babban allo, ya bar saƙonnin direbobin da ke kan hanya daga Arewa a buɗe a WhatsApp a kan ƙaramin, yana duba adadi yana shigarwa ba tare da rufe wannan ya buɗe wancan ba. Kishiyar wannan saiti shi ne Duplicate, wato kwafi, inda allon biyu ke nuna abu ɗaya, kuma yana da amfani ga irin su malami ko mai lacca da ke haska darasi da majigi.

A Windows, danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin P yana fito da zaɓi huɗu: allon laftof kaɗai, kwafi, faɗaɗawa, da allon waje kaɗai. Idan bayan an faɗaɗa kibiya ta ƙi wucewa ta ɓangaren da monitar take, sai a shiga saitin allo, a ja akwatunan da aka yi wa lamba 1 da 2 har su dace da yadda allunan suke zaune a kan tebur.

Inda aka fi shan wahala shi ne kebul. Tsofaffin monitoci da suka cika kasuwa suna amfani da VGA, mai shuɗin kai da fil 15 da kusoshi biyu na murɗawa, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, kuma hoto kaɗai yake ɗauka. HDMI, wanda aka fitar da tsarinsa a 2002, yana ɗaukar hoto da sauti tare, shi ya sa wani lokaci ana jona shi laftof ta yi tsit, domin ta tura sautin zuwa monitar da ba ta da sifika, sai an mayar da shi daga saitin sauti. Sabbin laftof sirara kuwa ƙaramar kafar USB-C suke zuwa da ita, kuma ba kowace irin wannan kafa ce ke fitar da hoto ba, ko da kebul ya shige ta daram. Haka ma adaftar da ke haɗa HDMI da VGA, hanya ɗaya take aiki: wadda aka ƙera don laftof mai HDMI da monita mai VGA ba za ta yi akasin haka ba. A ganina, ɗaukar laftof ɗin a jaka zuwa Ikeja a gwada komai a gaban mai shago ya fi sauƙi a kan sake keta cunkoson Oshodi don canja adafta.

Idan monita ta rubuta No Signal alhali kebul yana jone, sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, tana sauraron wata kafa ce daban, sai a danna maɓallin Source ko Input da ke jikinta a zaɓi wadda aka jona. Sannan monitar tebur ba ta da batir, don haka idan aka ɗauke wuta za ta mutu ta bar laftof tana aiki, kuma idan shafukan da ke kanta ba su dawo ƙaramin allo da kansu ba, cire kebul ɗin zai dawo da su.