Waiwaye: Rikicin kuɗin ƙungiyar ƙwadago a Amurka

A 1935 dokar Wagner ta tabbatar wa ma'aikatan Amurka damar kafa ƙungiya, har ta yarda kamfani ya ƙulla yarjejeniyar cewa ba zai ɗauki kowa aiki ba sai ɗan ƙungiya. Yaje-yajen aikin da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka sa majalisa ta sauya ra'ayi. A 1947 ta zartar da dokar Taft-Hartley, duk da Shugaba Truman ya hau kujerar na-ƙi. Dokar ta soke wancan sharaɗi, amma ta bar mai sauƙinsa: a ɗauke ka aiki, bayan kwana 30 ka shiga ƙungiya. Sashe na 14(b) kuma ya ba kowace jiha ikon hana wannan ɗin ma. Irin waɗannan dokoki na jihohi su ake kira dokokin 'yancin yin aiki.

A gaskiya rigimar ta kuɗi ce. Tun 1963 Kotun Ƙoli ta ce abin da za a iya tilasta wa ma'aikaci shi ne biyan kuɗi kawai, a 1988 kuma ta taƙaita shi ga kuɗin wakilci, ban da na siyasa. Inda gizo ke saƙa shi ne, da zarar ƙungiya ta ci zaɓe a ma'aikata, doka ta ɗora mata wakiltar kowa. Wanda bai ba da ko sisi ba, shi ma zai ci ƙarin albashin da aka samo, in an kore shi kuma dole ta duba ƙorafinsa kamar na ɗanta. Ƙungiyoyi na kiran irinsa cima-zaune. Shi kuwa cewa yake bai aiki kowa ya yi magana da yawunsa ba, kuma wannan ma hujja ce mai nauyi.

Ma'aikatan gwamnati tasu ta ƙare a 2018, da alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka hana cire kuɗin tilas a shari'ar Janus, suka rushe hukuncin shari'ar Abood na 1977 da ya halatta cire shi. A kamfanoni kuwa sai yadda jiha ta so. Michigan, cibiyar ƙera motoci, ta kafa dokar 'yancin yin aiki a 2012, ta soke ta a 2023, saura jihohi 26 masu irin wannan doka. Ko a cikinsu ma ba ta shafi ma'aikatan jiragen ƙasa da na sama ba, domin su wata dokar tarayya ce daban take tafiyar da su.