Freaky Friday (fim mai waƙa na 2018)

Freaky Friday fim ne na barkwanci da waƙa da tashar Disney Channel ta Amurka ta fara haskawa ranar 10 ga Agustan 2018. Labarin wata uwa ne da 'yarta budurwa waɗanda suka yi musayar jiki ana gobe ɗaurin auren uwar: hankalin uwa ya koma jikin 'ya, na 'ya ya koma jikin uwa. Steve Carr ne daraktan fim ɗin, Bridget Carpenter ta rubuta labarin, Tom Kitt ya tsara kiɗan manyan waƙoƙinsa, Brian Yorkey ya rubuta baitocinsu. Heidi Blickenstaff ta fito a matsayin uwar, Katherine Blake, Cozi Zuehlsdorff kuma a matsayin 'yar, Ellie. Tsawonsa kimanin minti 90 ne, kuma a birnin Vancouver na Kanada aka ɗauke shi. Shi ne karo na huɗu da kamfanin Disney ya mayar da wannan labari fim, amma shi kaɗai ne a cikinsu da 'yan wasa ke rera labarin da bakinsu.

Asalin labarin

Tushen labarin littafi ne na yara da Mary Rodgers ta wallafa a 1972. Marubuciyar 'yar gidan kiɗa ce, domin mahaifinta shi ne Richard Rodgers, fitaccen mai tsara kiɗan wasannin dandamali na Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa a birnin New York, ita ma kuma ta tsara kiɗan wani wasa mai suna Once Upon a Mattress a 1959. Ta rasu a 2014, shekara biyu kafin a fara nuna wasan dandamalin da aka ciro wannan fim daga gare shi. Ba ita ta fara dabarar musayar jiki tsakanin mahaifi da ɗa ba. Tun 1882 marubucin Ingila F. Anstey ya yi littafin Vice Versa, inda uba da ɗansa suka sauya jiki ta hanyar wani dutsen tsafi da aka kawo daga Indiya.

Kowane fim da aka yi ya zo da nasa sanadin musayar. A na 1976, wanda Barbara Harris da Jodie Foster suka fito, uwa da 'ya ne suka furta buri ɗaya a lokaci guda. An sake yin wani don talabijin a 1995 da Shelley Long da Gaby Hoffmann. A na 2003, wanda Mark Waters ya ba da umarni, Jamie Lee Curtis da Lindsay Lohan suka ja ragama, sanadin wani biskit ne mai ɗauke da takardar duba da aka ba su a gidan abincin 'yan Sin. Wannan na 2003 shi ne ya fi shahara, ya tara kusan dala miliyan 160 a gidajen sinima, kuma da shi masu kallo ke auna duk wanda ya biyo baya.

Daga dandamali zuwa talabijin

Fim ɗin 2018 ba daga na 2003 aka ciro shi kai tsaye ba. Daga wasan dandamali ya fito, wanda aka fara nunawa a Signature Theatre da ke Arlington a jihar Virginia cikin Oktoban 2016, ƙarƙashin darakta Christopher Ashley. Daga nan wasan ya je La Jolla Playhouse a California, da Cleveland Play House, da Alley Theatre a Houston cikin 2017. Bai je Broadway ba. Kitt da Yorkey, waɗanda suka rubuta waƙoƙinsa, su ne suka yi Next to Normal, wasan da ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta Amurka, a 2010, wanda shi ma kan uwa ne da iyalin da ke fama da raɗaɗin rashi. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa barkwancin nasu ke ɗauke da makoki a ƙarƙashinsa. A dandamali Emma Hunton ce Ellie. Blickenstaff ce ta riƙe rawar uwa tun daga can har zuwa fim.

Yadda labarin ke tafiya

Katherine sana'arta girkin biki. Mijinta ya rasu, za ta auri wani mai suna Mike, wanda Alex Désert ya fito a matsayinsa. Ita za ta yi girkin bikin nata da kanta, kuma wata mujallar aure na shirin sa ta a bangonta, abin da zai ɗaga kasuwancinta. Ellie kuwa hankalinta na kan wata gasar farautar kaya da ɗaliban makarantarsu ke yi da daddare, wadda Adam, saurayin da take so a ɓoye, yake rubuta jerin abubuwan da za a nemo a cikinta. Daren gasar ya zo daidai da liyafar jajibirin aure, uwa ta ce ba za ta je ba. Suna cikin ja-in-ja a kan wani agogon yashi da marigayi mahaifin Ellie ya bar mata, sai musayar ta faru, agogon kuma ya faɗi ya fashe.

Agogon tagwaye ne, kuma sai da ɗayan za su iya komawa jikinsu, amma Katherine ta riga ta sayar da shi. Don haka dole kowacce ta yi ranar ɗaya: uwa ta tafi makaranta a jikin 'ya, 'ya ta tsaya da ma'aikatan girki da 'yar jarida da ango a jikin uwa. Daga baya aka sa agogon cikin jerin kayan farauta domin dukan ɗalibai su taya nemansa ba tare da sun sani ba. Ko da aka same shi bai yi aiki nan take ba, sai da suka faɗa wa juna abin da ke ransu a wurin ɗaurin auren.

Abin da waƙa ta ƙara

Babbar matsalar kowane labarin musayar jiki ita ce mai kallo yana ganin fuska ɗaya, alhali ana so ya riƙa tuna cewa wani ne a ciki. Wanda aka sauya wa jiki ba ya iya faɗa wa kowa gaskiya, don haka yawancin tunaninsa a rufe yake. Fim ɗin 1976 ya magance wannan da muryar zuci da ake ɗorawa a kan hoto. Wasan waƙa yana da mafita wadda ta fi wannan dacewa, domin a ƙa'idarsa ɗan wasa na iya tsayawa a tsakiyar jama'a ya rera abin da ke zuciyarsa, sauran mutanen wurin ba su ji ba, mai kallo kaɗai ya ji. Masu kallon finafinan Indiya da na Kannywood sun saba da waƙa a cikin fim, amma a can sau da yawa labari kan dakata a yi waƙar soyayya, kuma wani mawaƙi ne daban ke rerawa a bayan fage. A nan waƙar ce ke tura labari gaba, 'yan wasan kuma da muryarsu suke yi.

Waƙar "Just One Day" aiki uku take yi a cikin 'yan mintuna. Tana gabatar da mutanen gidan, tana sanar da cewa aure gobe ne, tana kuma ɗora muryar uwa a kan ta 'ya suna neman abu ɗaya, kwana ɗaya tak na sauƙi, kowacce tana ganin ɗayar ce ta hana ta. Da magana za a yi wannan, da sai an ci fage uku ko huɗu. "I Got This" kuma kurin banza ce: kowacce na cewa rayuwar ɗayar wasa ce, mai kallo kuwa ya riga ya hango inda za ta yi tuntuɓe.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne "Parents Lie". Ellie, tana cikin jikin uwarta, ta zauna da ƙaninta Fletcher, wanda Jason Maybaum ya fito a matsayinsa, ta zayyano masa ƙaryace-ƙaryacen da iyaye ke yi wa yara. Kiɗan a sanyaye yake kamar na rarrashin yaro, kalmomin kuwa masu yanka ne. Abin da ya sa waƙar ke da zafi shi ne yaron bai san yayarsa ce ke magana ba, daga bakin mahaifiyarsa yake jin su. Ellie tana huce haushin mutuwar uba a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ta yi amfani da amanar da ba tata ba. Yaron ya gudu daga gida. Bayan an dawo da shi sai "After All of This and Everything" ta biya bashin da waccan ta ci. Babu wani fage a finafinan da suka gabata da ya yi amfani da musayar jikin wajen jawo ɓarna ta gaske irin wannan.

Sauya sanadin musayar ma ci gaba ne. Biskit ɗin 2003 daga waje ya zo, ba shi da alaƙa da rigimar gidan, kuma an daɗe ana sukar yadda ya nuna 'yan Sin a matsayin masu siddabaru. Agogon yashi kuwa kayan marigayi ne. Da 'ya ta gano uwa ta sayar da nata, tsafin da rigimar sun zama abu guda: wa ya manta da mamaci, wa yake riƙe da shi.

Sai Blickenstaff. Ta yi wannan rawa a dandamali dare bayan dare kafin kyamara ta same ta, kuma ana gani a jikinta: kafaɗa a sake, ƙafa na jan ƙasa, hannu bai san inda zai zauna ba, ido na juyawa kafin baki ya yi magana. Muryarta ta cika fili ba tare da an yi mata kwaskwarima mai yawa ba.

Inda fim ɗin ya gaza

Aibi na farko daga almakashi ya fito. Wasan dandamalin kashi biyu ne da hutu a tsakani, fim ɗin kuwa dole ya shiga minti 90 na tashar yara. An zubar da waƙoƙi da dama, ciki har da "Busted", inda uwa da 'ya ke bankaɗo sirrin juna, da "Bring My Baby Brother Home", ta neman yaron da ya ɓata. Cire waƙa daga irin wannan wasa ba kamar cire ado ba ne, domin a cikinta aka ajiye sauyin zuciyar ɗan wasa. Idan aka cire ta aka bar sakamakonta, sai a ga mutum ya sauya ra'ayi ba a ga lokacin da ya sauya ba. Haka ɓatan Fletcher ya zama: an ɗaure shi da ƙarfi, an kwance shi da gaggawa. Akwai kuma dogayen wurare a tsakiyar fim ɗin da babu waƙa ko ɗaya, har mai kallo ya manta irin fim ɗin da yake kallo, sai waƙa ta faɗo masa ba shiri.

Na biyu, musayar ta zo da wuri. Dariyar irin wannan labari ta dogara ne da yadda mai kallo ya haddace tafiyar kowacce da maganarta kafin a sauya su. Nan kusan waƙa ɗaya kawai aka ba shi. Don haka abin da Blickenstaff ke kwaikwaya ya fi kama da budurwar Amurka ta ko'ina, ba Ellie ɗin da Zuehlsdorff ta nuna a farko ba. Wani lokaci ma takan zarce, domin motsin da aka auna don kujerar ƙarshe ta zauren wasa yakan yi yawa idan kyamara na kusa da fuska.

Rabon aikin ma bai zo daidai ba, kuma wannan tsohuwar cuta ce ta irin wannan labari. Babba da ke kwaikwayon yaro yana da abin yi da yawa. Yarinyar da ke kwaikwayon babba kuwa aikinta ta miƙe baya, ta gyara kwalar wani, ta yi magana a tsanake. Zuehlsdorff, wadda aka sani tun fim ɗin Dolphin Tale na 2011, ta yi shi da tsabta, kuma tana da murya, amma rubutun bai ba ta fage mai nauyin "Parents Lie" ba.

Abin da aka ba ta shi ne "Oh, Biology", waƙar da ta fi kowacce raba kan masu kallo. Katherine, a jikin 'yarta, tana ajin nazarin halittu, sai ta ji jikin yana amsawa idan Adam ya matso, tana kuma faɗa da hakan. A rubuce dabara ce mai ma'ana, domin tana nuna wa uwa cewa ruɗanin 'yarta ba iskanci ba ne, aikin jiki ne. A kan allo kuwa mai kallo ba ya mantawa cewa mace ce babba, amarya gobe, take wannan waƙa a kan ɗan makaranta. Fim ɗin 2003 ma ya taka wannan ƙaya ta ɗaya gefen, inda saurayin ya koma son uwar.

Akwai kuma hannun darakta. Steve Carr ya fito ne daga barkwanci irin su Daddy Day Care na 2003 da Paul Blart: Mall Cop na 2009. Ya iya lokacin da dariya ke faɗuwa, amma ɗaukar waƙa wata sana'a ce daban. Rawa tana son a ja kyamara baya a bar jiki ya cika hoto, a kuma yanka daidai da bugun kiɗa. A nan yawancin waƙoƙin an ɗauke su kamar hira, da haske fari fes irin na shirye-shiryen tashar, wanda ba ya bambanta safiyar rigima da daren makoki. "Go", waƙar farautar kaya, ita ce ta fi samun fili da motsi, amma ko ita ba ta kai girman taron rawa da tashar ta saba yi a finafinanta na waƙa na High School Musical ba.

Ƙananan 'yan wasan kuma an bar su a sirance. Savannah, abokiyar hamayyar Ellie a makaranta, wadda Dara Reneé ta fito a matsayinta, mugunta kawai aka ba ta babu dalili. Mike mutumin kirki ne tun farko har ƙarshe, don haka ƙin da Ellie ke masa ba shi da abin kamawa sai makokin uba.

Karɓuwa da abin da ya biyo baya

Waɗanda suka kalli fim ɗin a daren farko ba su kai miliyan biyu ba, adadi kaɗan idan aka tuna High School Musical 2 ya tara sama da miliyan 17 a 2007. Ba laifin fim ɗin kaɗai ba ne, domin zuwa 2018 yara da yawa sun bar talabijin ɗin kebul sun koma kallo ta intanet. Akwai kuma saɓani tsakanin kayan da kasuwar: waƙoƙin Kitt da Yorkey na dandamali ne, baitocinsu a cunkushe da labari, ba irin waɗanda ake ɗauka a sa a rediyo su tsaya da ƙafarsu ba.

Rayuwar aikin ta fi tsawo a makarantu da ƙananan ƙungiyoyin wasa. Kamfanin Music Theatre International ne ke ba da lasisin nuna shi, da cikakken wasan da kuma gajeren bugu mai kashi ɗaya da aka gina a kan fim ɗin. Ya dace da makaranta saboda manyan rawa biyu duk na mata ne, ɗalibai da yawa na samun gurbi a fagen aji da na farauta, kayan fage kuma ba su wuce kicin da aji da wurin biki ba. Da Disney ta koma kan labarin a sinima cikin Agustan 2025 da Freakier Friday, ci gaban fim ɗin 2003 ta yi, da Curtis da Lohan, ba na iyalin Blake ba.