Masu tambayar postdok kan cututtukan ƙwaƙwalwa a ɓeraye, ga amsa

Ƙannena na Yamai, tambayoyin nan kan postdok, wato aikin bincike bayan PhD, kullum su ne dai a WhatsApp ɗina, to ga su wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turowa.

Tez ɗina ta likita ta isa?
Galibi a'a. PhD suke nema.

Ana biya?
Ana biya. Aiki ne da kwantaragi, shekara 2 ko 3, ba burs ɗin ɗalibi ba.

Ɓeran gida ne?
Haba. Ɓeraye ne da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Irin da ake kira 5xFAD na ɗauke da sauyi 5 na Alzheimer, cutar mantuwa, tun yana wata 2 amiloyid, furotin da ke dunƙulewa a wannan cutar, ke fara taruwa a ƙwaƙwalwarsa. SOD1-G93A na ALS ne, cutar da ke kashe jijiyoyin motsa jiki, R6/2 na Huntington, wata cutar ƙwaƙwalwa ta gado. Wanda zai rubuta wa farfesa bai san waɗannan ba, ya ɓata wa kansa lokaci.

Ban taɓa riƙe ɓera a labo ba, in nema?
To, nan ne sai a hankali. Ya danganta da abin da hannunka ya iya. In ka ƙware a PCR, dabarar kwafar DNA, ko yanka nama siriri ka rina ka duba a madubin labo, ko lissafi da manhajar R, akwai masu ɗauka su koya maka sauran, don ko su ƴan Turai sai sun yi kwas na kula da dabbobin labo irin na ƙungiyar FELASA kafin a bar su taɓa dabba. Amma in tallar ta ce tiyatar ƙwaƙwalwa ko gwajin iyo na Morris, wanda ake auna tunawar ɓera da shi, tun watan farko, da wuya, gaskiya da wuya. Ɓeran da aka yi shekara ana reno har cutar ta nuna, ba kowa ake miƙa wa ba. Ba na cewa kar ka gwada, sai dai kar ka rubuta ka iya abin da ba ka iya ba, ranar farko za a gane. Kuma ka kwantar da hankalinka, riƙon ɓera koyonsa ake.

Faransa fa?
Institut du Cerveau na Paris wuri ne mai kyau, amma ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, biza ta zama wahala. Ku duba DZNE, cibiyar binciken cututtukan ƙwaƙwalwa a Jamus, da tallafin Humboldt, ko tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai da ake rufe nemansa a Satumba. Dukansu sai ka fara samun labon da ya yarda ya karɓe ka, don haka wasiƙar tun yanzu ake rubuta ta, da Turanci.